Fina-finan Da, Wasannin Talabijin da Waƙoƙin Kaset: Tambayoyin da Matasan Zariya Ke Yi Mana

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya a garin nan, da an taɓo hirar silima ko Samanja ko kaset ɗin Shata, sai ka ga fuskarsa ta saki, bakinsa ya buɗe. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka tashi da waya a hannu sukan zauna su saurara, can kuma su jero tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini a majalisa da cikin gida, da amsoshin da nake bayarwa.

Kawu, me ya sa kuka kamu da son fim ɗin Indiya alhali ba kwa jin yarensu?

Ba ma jin Indiyanci, amma muna jin labarin. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan da ke riƙe da gidajen silima a Arewa suka fara shigo da fina-finan Bombay, suka ga sun fi na Amurka da na Ingila cika gida, suka ɗore. Abin da mutum ke gani a allon bai yi nisa da gidansu ba. Uba ya ce ga wanda 'yarsa za ta aura, ita kuwa zuciyarta na wani wuri. Ɗan talaka ya ɗora ido kan 'yar mai kuɗi. Mace ta ja mayafi ta sunkuyar da kai gaban surukai, dattijo ya fito da rawani da doguwar riga. Saurayi da budurwa za su yi waƙa su zagaye bishiya, amma akwai iyakar da ba a tsallakewa. Fim ɗin kaboyi da na 'yan Chana don faɗa ake shigarsu, a fito ana gwada naushi a hanya. Na Indiya kuwa da shi ake kwana a rai.

Ɗauki Mother India na 1957. Nargis ta fito a matar ƙauye da miji ya tafi ya bari da 'ya'ya da bashin mai ba da rance da ruwa. Ta ja garma da kafaɗarta, ta ƙi sayar da mutuncinta ranar da yunwa ta kai mata iya wuya. A ƙarshe ɗanta na cikinta ya zama ɗan fashi, ya zo zai sace 'yar mutane, ta ɗauki bindiga ta harbe shi da hannunta. Duk wanda ya san bashin da ake ci da damina a biya da kaka, ya kuma san wahalar uwa, ba ya neman tafinta a nan. Shekara da shekaru ana maimaita fim ɗin, gida na cika.

Har suna muka raɗa wa jaruman. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Sanjay ɗin nan ɗan Nargis ne, domin bayan fim ɗin ta auri Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗan da ta harbe.

Yaya shiga silima yake a lokacin?

Gidajen silima a wajen ganuwa suke, Sabon Gari aka fi zuwa, kuma galibinsu ba rufi. Katanga ce doguwa da farin allo a gaba, shi ya sa sai duhu ya yi ake farawa. Bencin gaba ya fi araha, masu hali su zauna baya kan kujera. A bakin ƙofa ga mai rake, ga mai tsire, ga mai dafaffiyar gyaɗa, ga yaron da ake ba ajiyar keke. Da damina in hadari ya taso, ko dai ka tsaya ruwa ya ba ka kashi ko ka bar jarumi a hannun mugu ka gudu, kuma mafi yawa tsayawa suke yi. In fim ya tsinke a tsakiya allon ya yi fari, sai gida ya kaure da ihu da fito har mai inji ya haɗa.

Ba kallon shiru ba ne. Wanda ya riga ya haddace fim ɗin Sholay zai zauna kusa da kai yana gaya maka abin da Gabbar, mugun fim ɗin, zai yi tun kafin ya ɗaga hannu. Jarumi ya shigo, a ɗau tafi. Mugu ya sha duka, a miƙe tsaye.

Amma a faɗi gaskiya, silima ba ta da suna mai kyau a cikin birni. Yaron kirki ba ya gaya wa babansa can za shi, matar aure ko budurwar gidan mutunci kuwa ba ta taka wurin. Wanda kowa ke zuwa ba kunya shi ne majigi, motar gwamnati da ke zuwa fili ta kafa farin ƙyalle a nuna kyauta. Ta nan mutane suka san Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noman auduga, kuma ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce.

To in mata ba sa zuwa silima, ina iyayenmu mata suka san su Hema Malini?

Ta talabijin, daga baya ta bidiyo. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, amma an daɗe kafin akwatin ya yawaita. Layi guda za ka samu gida ɗaya ko biyu ne ke da shi. Da an yi sallar magariba a fito da shi tsakar gida a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, yaran maƙwabta su cika gaba, mata su zauna baya, wata na kitso wata na ɓarar gyaɗa. Hoton baƙi da fari ne. In ya fara rawa a tura yaro ya juya eriya, yana tambaya daga can, "Ya yi?", a amsa masa baki ɗaya. In aka ɗauke wuta kuwa, gidan mai batirin mota kowa ke nufa.

A nan mata suka zaɓi nasu taurarin. Akwai Madhubala ta Mughal-e-Azam na 1960, baiwar fada mai rawa da ɗan sarki ya so har ya yaƙi ubansa a kanta. Ciwon zuciya ya ɗauke ta a 1969 tana da shekara 36 kacal. Akwai Hema Malini, mai keken dokin nan ta Sholay na 1975 da bakinta ba ya hutawa. Akwai Rekha. Akwai Sridevi, wadda a Nagina na 1986 ta fito a macijiya, ta yi rawa da idanu har yara suka riƙa ɓuya bayan iyayensu. Wata gwaggona a Tudun Wada, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe sunan ko ɗaya ba, duk "'yar nan" take ce musu. In an zo wurin da za a raba yarinya da masoyinta sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ku yi mana shiru, za a cuci 'yar mutane." Bakin zanenta take share ido da shi, ta kuma hana kowa dariya.

Abin da ya ba mutane da yawa mamaki daga baya shi ne jin cewa ba su ke rera waƙoƙin ba, baki kawai suke bi. Muryar da muka yi shekaru muna ji a bakin mata daban-daban galibi ta Lata Mangeshkar ce ko ta ƙanwarta Asha Bhosle, ta maza kuma Mohammed Rafi ko Kishore Kumar. Lata ta rasu a 2022 tana da shekara 92. In ka tambaye ni wadda ta fi a cikin 'yan wasan, Nargis zan ce, ba na ko shawara. Sauran sun yi kyau, ita kuwa ta yarda ta shafa taɓo ta tsufa a gaban kyamara tana ƙuruciyarta.

Kano ake ta ambata in ana maganar fim. Zariya fa, tana da hannu a ciki?

Tana da shi, kuma hannu babba, sai dai ta ƙofar littafi da rediyo da dandali ta shiga. A nan Zariya Hukumar Fassara ta shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Labaran da gidan talabijin ya zo yana mayarwa wasa daga baya, da yawansu daga injin buga littafin garin nan suka fito.

Sai mutane. Marigayi Ƙasimu Yero ɗan Zazzau ne. Mu mun san shi da Karambana da Magana Jari Ce, sauran Najeriya kuma sun san shi a Cock Crow at Dawn da Turanci. Ban taɓa ganin ɗan wasan da ya iya shiru kamarsa ba. Zai ɗaga gira ɗaya ya dubi mutum, tsakar gida ta fashe da dariya bai ce uffan ba. Ya rasu a 2017. Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, shi ya rubuta Zaman Duniya Iyawa Ne, wasan da masu sauraron rediyon Kaduna suka daɗe suna bi. Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan mai Imfiraji da ya rasu a 1990, baitocinsa sun shiga kowane zaure a Arewa. Hassan Wayam mai kukuma a garin nan ya zauna. Jami'ar Ahmadu Bello kuma, da aka buɗe a 1962, ta gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa irin ginin gargajiya a Samaru, ta yaye 'yan wasa da marubuta, kuma ita ce ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, jami'a ta tsaya gaban duniya ta ce mai waƙa da kalangu malami ne.

Fim ɗin Shaihu Umar da kuke yawan ambata, yana nan?

Yana nan, amma da ƙyar ya tsira. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ne suka fara mayar da littafin wasan dandali, sannan Adamu Halilu ya yi shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shaihu Umar. Labarin yaron da aka sace aka tsallaka Sahara da shi ne, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Fim ɗin ya ɓace tsawon shekaru har ana zaton ya tafi ke nan. A 2016 aka tsinci faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ɗan marubucin littafin, Saddik Ɓalewa, shi ma ya yi fim ɗin silima da Hausa, Ƙasarmu Ce, a 1991.

Me Samanja da ire-irensa suke da shi da na yanzu ba su da shi?

Murya da lokaci. Yawancin mutanen nan daga rediyo da dandali suka fito, inda ba kyau ko sutura da za ta cece ka. Usman Baba Pategi Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi soja a zamanin yaƙin basasa, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna. Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turanci a Samanja Mazan Fama, da tsawar da yake daka wa kurata, duk a bariki ya ɗebo su, shi ya sa tsofaffin sojoji suka fi kowa dariya. Ya rasu a Nuwamba 2023. Daga Jos ga Karkuzu. Ga Kasagi, wato Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna.

Ɗaki ɗaya ne, kujera biyu da labule, amma magana ta cika shi. Sau ɗaya ake nunawa a mako, in ka rasa ka rasa, sai dai gobe a ba ka labari a makaranta ko a kasuwa. Kuma uba na iya zama da 'ya'yansa da surukarsa a kalla har a tashi ba wanda ya kawar da kai.

Yaushe fim ɗin Hausa na kaset ya fara, kuma su wa ne taurarin mata na farko?

Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990, shi ake lissafawa na farko da ya shiga kasuwa. Amma abin bai game gari ba sai da Sangaya ya fito a 1999, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, labarin ɗan sarki da 'yar aikin gidansu. Wasila ya biyo baya a 2000 daga Kaduna. A 1999 ɗin nan ne kuma mujallar Fim ta fara fitowa, 'yan mata na karɓar aro hannu zuwa hannu har bangon ya yage.

A kowace unguwa shagon hayar kaset ya buɗe, daga Samaru har Ƙofar Doka. Ka biya na kwana ɗaya, mai shago ya rubuta sunanka a littafi, gida uku su kalla kafin a mayar. A wannan zamanin ne matan aure suka ga 'yan'uwansu Hausawa a akwati suna magana irin tasu, da kishi irin nasu. Fati Mohammed da sanyin fuska, Abida Mohammed, Maijidda Abdulƙadir, Hajara Usman da Saratu Giɗaɗo a iyaye, ɗaya mai taushi ɗaya mai zafi. Hauwa Ali Dodo, da aka fi sani da Biba Problem, ita ce gwanar masifa, in ta buɗe baki sai ka ji kamar maƙwabciyarku ce. Hanya ta ci da yawa daga cikin 'yan wasan lokacin, mata da maza: Balaraba Muhammad a 2003, Ahmed S. Nuhu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, duka haɗarin mota. Allah ya gafarta musu. Matan nan sun sha zagi da tsangwama a lokacin da fitowar 'ya mace a fim abin gori ne ga danginta, kuma duk wadda ke cin abinci da sana'ar yau a kan hanyar da suka share take tafiya.

Gaskiya ne kwaikwayon Indiya ne ya ɓata fim ɗin Hausa?

Rabin gaskiya ne. An kwashi labarai sukutum, an sa Bahaushe da Bahaushiya suna guje-guje a lambu, an bar kalangu da kukuma an koma fiyano. Wannan asara ce, ba na musu. Amma waɗanda suka yi fina-finan nan da fim ɗin Indiya aka yaye su, kamar mu, kuma masu saye waƙa suke nema. Aron karin Indiya ma ya riga fim ɗin kaset, domin masu bandiri irin Ushaƙu Indiya a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin fim suna ɗora yabon Annabi a kai. Inda na fi ganin laifi shi ne barin labaranmu, alhali ga su jibge a littattafan da aka buga a garin nan.

Ina son in fara sauraron waƙoƙin da. Da wa zan fara?

Fara da Shata, ka ba shi lokaci. Waƙarsa ba ta gaggawa. Amshi ɗaya 'yan amshi za su yi ta maimaitawa, shi kuma yana ɗora magana a kai nan take, yana kiran garuruwa da mutane, yana habaici, kalangai na amsa masa. Ya rasu a Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Daga nan ka nemi Ɗan Maraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ya yi wa karen mota da talaka waƙa a lokacin da kowa sarakuna da attajirai yake yi wa. Ya rasu a 2015. In kana son Hausa mai nauyi ta fada, ga Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Ga Haruna Uji da gurmi, ga Garba Supa da Ahmadu Doka da kukuma.

Kada ka tsallake Barmani Choge ta Funtuwa. Kiɗan amada na mata ne, da ƙwarya ake yi, wata a kife a kan ruwa, a cikin gida ranar biki ko suna. Barmani ta fito da shi fili, ta yi wa mata waƙa kan kishiya da haihuwa da neman na kai, da bakin da maza ba su saba ji ba. Ta rasu a 2013. Yawancinmu a rediyon Kaduna muka fara jin waɗannan, a shirye-shirye irin Zaɓi Sonka, inda za a jero gaisuwa ta mutum ashirin kafin a sako waƙar, kana riƙe da rikoda da yatsa a kan maɓalli kana jira ka ɗauka.

Ba dai ƙuruciyarku kawai kuke kewa ba? Ai an ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Akwai wannan. Kuma ba duk na da ne mai kyau ba. Wasu fina-finan kaset ɗin sauti ba ya fita, hoto na rawa, labari ba kai ba gindi. Na yanzu sun fi su kyamara nesa ba kusa ba. Amma a da mutum talatin ke kallon akwati ɗaya, kaka da jika, mai gida da almajirin gidan, washegari kuma unguwa duka hira ɗaya take yi. Yau a ɗaki ɗaya mutum biyar kowa da abin da yake kallo, da abin ji a kunne. Wannan zaman taren nake kewa fiye da kowane fim, kuma shi ana iya dawo da shi ko da daren Juma'a ne kawai.

Na tarar da kwalin kaset a ɗakin marigayi babanmu. Yaya zan yi da su?

Allah ya jiƙan Baba. Kada ka zubar, kada kuma ka yi saurin sakawa a inji. Duba ta tagar kaset ɗin tukuna. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, danshin damina ya shiga. Irin wannan in ka saka zai ɓata kan bidiyon ya kuma shafa wa sauran, sai ka ware shi gefe ka kai wa mai gyara ya goge a hankali. Masu lafiya ka jera su a tsaye cikin kwalinsu, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da rana da lasifika, domin maganaɗisun lasifika na goge abin da ke kan zare. Ka rufe su saboda ƙurar hunturu. Kaset ɗin rediyo da zarensa ya saki, biro za ka zura a ramin ka naɗe, in ya tsinke kuma ana haɗa shi.

Sai ka hanzarta juye su. Tun 2016 aka daina ƙera injin bidiyo na kaset a duniya, waɗanda suka rage kuma kullum mutuwa suke yi. Cikin masu gyaran rediyo da masu ɗaukar biki a Sabon Gari da Tudun Wada akan samu mai tsohon inji da na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta. Ka zauna a juye a gabanka, ka karɓi kaset ɗinka ka koma da shi. Kada ka dogara da faifan CD kaɗai, shi ma yana lalacewa. Ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa.

Ka fi ba da ƙarfi kan waɗanda aka ɗauka a gida: wasan da Baba ya naɗa daga talabijin, waƙar da aka yi a bikin gidanku, hawan sallar Zazzau na zamanin Sarki Shehu Idris. Sholay ba zai ɓata ba, Indiya na da shi. Amma wani wasan Karambana ko wani zaman Wayam a bikin unguwa, mai yiwuwa kwafin da ke cikin kwalin nan shi kaɗai ya rage. Kafin ka juye, kai wa Inna ko wani babba a gidan ya gaya maka bikin wane ne, wace shekara, su wa ke ciki, ka rubuta a takarda ka liƙa a jikin kowane kaset.